Kek ɗin kabewa: toya shi ake yi ko gasawa?

Wata uwargida daga Zariya ta aiko da tambaya. Ta ce 'yarta ta koyo wani ƙaramin kek da Amurkawa ke kira mafin, wanda ake kwaɓawa da kabewa da ƙwai da kindirmo don ya ƙara gina jiki. Gardamarsu ita ce: toya shi ake yi ko gasawa? Ta kuma nemi ma'anar "kabewar kan kabari".

Hajiya, gasawa ake yi. Bahaushe ya raba aikin wuta daki-daki. Abin da aka zuba ƙullunsa a mai, kamar waina da ƙosai da funkaso, toya shi aka yi. Nama da kifi da gyaɗa, soya su ake yi. Abin da zafin wuta kaɗai ya nunar da shi, babu mai babu ruwa, irin gurasa da burodi da tsire, wannan gashi ne. Na fahimci inda ruɗanin ya fito: farantin da ake zuba kwaɓin mafin yana da gurabe kamar tanda, ido na ganinsa sai zuciya ta tafi ga waina. Amma ita waina ana ɗiga mata mai, ana juya ta. Shi kuwa ana rufe shi ne a tanderu ko obin, a zafin digiri 180, wajen minti 20, ba mai taɓa shi. Ko a gwangwanin madara kika zuba, kika jera a tukunya mai yashi, sunansa gashi. Da toyawa da gasawa ɗaya ne, da ba mu tsaya kan "bai san wainar da ake toyawa ba".

Sunan fa? Ba ni ganin dalilin wahalar da harshe. Mun ari kek da burodi daga Turanci, mun ari tanderu daga tannur na Larabci, duk sun zauna daram. A ce kek ɗin kabewa, kowa ya gane. Sai dai a kula wajen rubutu: kabewa daban, kuɓewa daban. Na sha ganin an rubuta ɗaya a gurbin ɗaya, kuma ban yi wa kowa fatan kek mai yauƙi ba.

Inda zan ɗan ja da 'yarki shi ne batun gina jiki. Abin da likitoci ke kira furotin, mu "abinci mai gina jiki" muke cewa, kuma tsokar kabewa ba ta da shi sosai: gram 100 nata bai wuce ya ba da gram 1 ba. Aikinta laushi da zaƙi da launi, wanda ke sa a rage mai da sukari. Masu ginin su ne ƙwai, wanda guda ɗaya ke da wajen gram 6, da kindirmo, da garin gyaɗa ko na waken suya, sai 'ya'yan kabewar da muke zubarwa, alhali kusan kashi 30 cikin ɗari nasu furotin ne. Waken suyan nan ma ba shi da alaƙa da suya. Sunan ya biyo ta Turanci ne, asalinsa daga Japananci, kunnen Bahaushe ya ji "soya" ya mayar da shi gida.

Sai karin maganar. Cikonta shi ne: kabewar kan kabari, baƙin cikin mai taushe. Miyar taushe ba ta yiwuwa sai da kabewa, ga ta kuwa ta yi yaɗo ta ƙosa a fili, amma a wurin da babu mai iya tsinka ya kai tukunya. Ana faɗar ta ga abin da ake gani, ake so, amma ya haramta ko ya gagara. Akan yi wa mutum kirari da ita, musamman mace ko mai iko da aka kasa taɓawa. Ki lura ba a ce baƙin cikin kowa ba, mai taushe aka ware, domin wanda tuwonsa da miyar kuka ne ko kallon kabewar ba zai yi ba.