Hajiya, ina Dhaka lokacin da abin ya faru

Hajiya, barka da war haka. Kin tambaya ko ki bar ɗanki ya tafi karatu Bangladesh, ganin labaran rikicin siyasa da kike ji da kuma tsamin da ke tsakaninsu da Indiya. Wallahi ina karantawa jikina ya yi sanyi, don irin wannan fargabar ce ta kwantar da mahaifiyata. Ina Dhaka, babban birnin ƙasar, a 2024.

Mutumin da ya yi mana hanyar makaranta, ba zan kama sunansa ba, har gida ya zo ya zauna gaban mahaifina yana rantsuwa wai ƙasa ce lafiya lau, mace ɗaya ke mulki tun 2009, ba hayaniya. Bai faɗa mana yadda aka samu shirun ba. Zaɓen Janairun 2024 babbar jam'iyyar adawa a lokacin, BNP, ƙaurace masa ta yi, jagororinta da dama suna tsare. Abokan karatunmu 'yan ƙasa in za su ambaci Sheikh Hasina, wato matar da ke mulkin, sai sun waiga sun rage murya. Wuta ce a ƙarƙashin toka. Da kotu ta dawo da tsarin ware kashi 30 cikin 100 na ayyukan gwamnati ga zuriyar waɗanda suka yi yaƙin ɓallewa daga Pakistan a 1971, ɗalibai suka fito titi. Ranar 16 ga Yuli 'yan sanda suka harbe wani ɗalibi, Abu Sayed, a garin Rangpur yana tsaye ya buɗe hannuwa. Ranar 18 aka yanke intanet a ƙasar baki ɗaya, aka biyo da dokar hana fita, sojoji suka cika gari.

Hajiya, ba ƙarar harbin ce ta fi ci mini rai ba. Kuɗina suna banki, na'urar cire kuɗi ba ta aiki. Katin wayata ya ƙare, ba hanyar sawa. Mitarmu ta wuta ma ta ƙare. Muna zaune a duhu muna raba 'yar shinkafar da ta rage, a gida kuma mahaifiyata tana kallon gawarwaki a talabijin tana kiran lambata ba ta shiga. Jininta ya hau, aka kwantar da ita. A cikin wannan halin mahaifina ya kira mutumin nan, shi kuma ya ce wai ya yi magana da ni, ina kuka, a turo kuɗin jirgi a fito da ni cikin gaggawa. Ni da ban ji muryarsa ba tun ranar da na sauka ƙasar! Mahaifina ya sayar da gonar da muke ci daga gare ta ya tura masa. Da layi ya dawo na ji labarin, na rasa abin cewa. Har yau yana yawo da babbar riga ana gaishe shi a masallaci, in aka yi masa maganar sai ya ce kuɗin sun tafi wajen ƙoƙarin tikiti. Na bar shi da Allah, amma ban yafe kwanciyar da mahaifiyata ta yi ba.

Don haka kuɗin makaranta ki biya kai tsaye asusun makarantar, kar ya bi ta hannun kowa, ko da ɗan'uwa ne. Fasfon yaron ya zauna a hannunsa. Ya riƙa ajiye tsabar taka, wato kuɗin ƙasar, a ɗaki, da shinkafa da man girki. Ki karɓi lambar wani malaminsa ko maƙwabci ɗan ƙasa wanda za a iya kira kai tsaye ba ta WhatsApp ba.

Ranar 5 ga Agusta Hasina ta gudu Indiya. 'Yan sanda suka watse daga ofisoshinsu, ɗalibai ne ke ba motoci hannu a titi, mu kuma da maƙwabta muna kwana gadi da sanduna saboda 'yan fashi. Daga baya Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce waɗanda aka kashe za su iya kai 1,400. Mutanen nan fa suna da kirki, wata tsohuwa a gidanmu ita ta riƙa aiko mana da abinci ba ta san yarenmu ba.

Maganar Indiya kuwa, ta kusan zagaye Bangladesh ta ƙasa, iyakarsu ta haura kilomita 4,000, kuma ita ta ba Hasina mafaka. Shi ya sa ake jin zafinta sosai. Bayan faɗuwar gwamnatin Indiya ta tsuke ba su biza, marasa lafiyar da suka saba zuwa asibitocin Kolkata da ke Indiya suka rasa hanya, Chaina da Pakistan kuma suka matso kusa da Dhaka. Ki ja masa kunne kar ya sa baki a wannan gardamar, ko a shagon shayi ko a Facebook, kar kuma ya tsaya ɗaukar hoton zanga-zanga. A Mayun 2025 ma da Indiya da Pakistan suka yi kwana huɗu suna musayar wuta, jirage da yawa hanya suka canza, to ya kasance akwai kuɗin tikiti ta Doha ko Dubai a ajiye a hannunki, ba a hannun wani ba.

In ni ne, zan bar shi ya tafi, matuƙar makarantar na da ɗakin kwanan ɗalibai a cikin harabarta. Waɗanda ke ciki sun fi mu samun sauƙi nesa ba kusa ba. Ki tambaye su wannan kafin ki biya ko sisi.