Kafin ka buɗe Access, ɗauko takarda da biro

Tambaya: Salam malam. Ni ɗalibi ne a jami'ar Djibo Hamani ta Tawa. Kawuna yana sana'ar albasa a Galmi, yana ba mutane buhuna bashi. Na yi mishi rumbun bayanai a manhajar Access, tebur guda na zuba komai, suna, lambar waya, kaya, farashi, abin da aka biya. Yanzu in mutum ya sake lamba sai na bi layi layi ina gyara, kuma lissafin bashi baya fita daidai. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Access ba shi da laifi, kai ne ka ɗora gini ba zane. Zanen da nake nufi shi ne wanda ke nuna abubuwa da alaƙar da ke tsakaninsu, Peter Chen ya fito da tsarin a 1976, mu kuma nan Nijar galibi ta hanyar Merise ta Faransa ake koya mana shi, inda ake kiran zanen MCD, wannan da ɗalibai ke haddacewa don jarrabawa su manta.

Je ka zauna da kawu ka saurari yadda yake ba da labarin cinikinsa. Zaka ji abu huɗu suna ta dawowa: mai saye, kaya, ciniki, biya. Kowanne ka zana mishi akwatinsa, wanda daga baya zai zama tebur a Access. Lambar waya a akwatin mai saye take zama, wuri ɗaya tak, in ya bar Airtel ya koma Moov gyara ɗaya ka gama. Kuma don Allah kar ka sa suna ko lambar waya su zama mabuɗi, wato abin da ke bambanta kowane mai saye da sauran, Abdu nawa ne ke sayen albasa a Galmi? Bar Access ya ba kowa lambarsa da NuméroAuto, wato lambar da yake sawa da kansa.

Sai alaƙa. Mai saye ɗaya yana iya yin ciniki da yawa ko ma bai yi ko ɗaya ba tukuna, ka rubuta 0,n a gefensa, wato daga sifili zuwa da yawa, ciniki kuwa na mutum ɗaya ne, 1,1. Inda ake faɗuwa shi ne tsakanin ciniki da kaya, don ciniki ɗaya na iya haɗa sabuwar albasa da ta ajiya, kuma kaya iri ɗaya yana shiga ciniki ɗari, to wannan alaƙar dole ta samu teburinta, a nan ne zaka sa yawan buhu da farashin ranar. Na san hannunka zai so kai farashi akwatin kaya, kar ka yarda. Kuɗin buhu lokacin da kaya suka cika kasuwa daban yake da na damina, ranar da ka sake farashi duk tsohon bashi zai sake da shi, wanda ya ɗauka da araha ya wayi gari ana binshi kuɗin tsada, rigima kenan.

Biya ma akwatinsa daban, da kwanan wata, tunda mutane kaɗan kaɗan suke kawowa, yau jika biyar, ran kasuwa jika goma. Shi kuwa bashi ba a rubuta shi a ko'ina, kwamfuta ce ke cire abin da aka biya daga jimlar ciniki duk sanda ka tambaye ta.

Hattara da bidiyon YouTube na turancin Ingilishi, masu bin UML, wani tsarin zane daban, suna sa lambobin nan irin su 0,n da 1,1 a ɗaya gefen layin alaƙar, akasin Merise. Ka riƙe tsari ɗaya.

Tambaya: Wace manhaja zan zana da ita, kuma waya zata yi? Daga wata ɗaliba a Yamai.

Amsa: Looping kyauta ce a Windows, don Merise aka yi ta, har SQL, wato umarnin da ke ƙirƙirar teburan, take fitar miki daga zanen. A waya draw.io yana buɗewa ta intanet amma jan layi da yatsa wahala ce, gara ki zana a takarda ki ɗauki hoto, in kin samu kwamfuta ki kwafe.