Haruffan Esperanto Masu Hula: Yaya Ake Furta Su?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na fara koyon harshen Esperanto a waya. An ce mini mutum ɗaya ne ya ƙirƙire shi, kuma yadda aka rubuta kalma haka ake karanta ta. To sai ga shi na ci karo da haruffa masu 'yar hula a ka, irin su ĉ da ĝ da ŝ, sannan na ji ana karanta kalmar "jes" kamar da y aka fara ta. Yaya ake furta waɗannan haruffa, kuma me ya hana mai harshen ya tsaya a kan haruffan bokon da kowa ya sani?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da aka faɗa maka gaskiya ne, kuma hular da ta ɗaure maka kai ita ce ta sa maganar ta zama gaskiya.

Mai harshen shi ne L. L. Zamenhof, likitan ido, wanda ya fitar da ɗan littafin farko na koyon harshen a birnin Warsaw a 1887. Mafi yawan kalmomin ya ɗebo su ne daga Latin da 'ya'yansa irin su Faransanci da Italiyanci, ya haɗa da na Jamusanci da Ingilishi da Rashanci. Amma wajen rubutu bai bi ɗabi'ar Faransanci ko Ingilishi ba, inda harafi ɗaya kan yi sauti biyu ko uku, wani ma a rubuta shi a ƙi karantawa. Ƙa'idarsa ita ce harafi ɗaya, sauti ɗaya. Matsalar kuwa, sautukan da yake bukata sun fi haruffan da suka dace da su yawa. Sai ya zubar da q, w, x da y, ya ƙirƙiri sababbi guda shida: ĉ, ĝ, ĥ, ĵ, ŝ, ŭ. Jimilla haruffa 28 ke nan, biyar daga ciki wasula.

Wasulan ba za su ba ka wahala ba: a, e, i, o, u, kamar dai yadda ka saba. Babu dogon wasali da gajere da ke sauya ma'ana, irin abin da ya raba "gari" na zama da "gari" na tuwo. Sai dai ka kula da abu ɗaya. Bakin Bahaushe yakan karkatar da e da o zuwa a idan baƙi ya rufe gaɓar. Kalmar "cent", wato ɗari, tana iya fita daga bakinka a matsayin "tsant" ba ka sani ba. Riƙe wasalin a inda yake.

Ka lura na rubuta ts. A nan tarkon yake, domin haruffan da za su yaudare ka ba masu hular ba ne, waɗanda ka ɗauka ka riga ka san su ne. Harafin c a Esperanto ba na "ci" da "cika" ba ne. Sautinsa t ne da s a haɗe, kusa da ts ɗinmu na "tsuntsu", amma ba tare da maƙe maƙogwaro ba. Iska ake saki ta fita salin-alin. Namu c ɗin kuwa shi ne ĉ mai hula, don haka "ĉambro", wato ɗaki, da c ɗin Hausa za ka fara shi. Haka j: aikin y yake yi, shi ya sa ka ji "jes" yadda ka ji ta. Jim ɗinmu na "jiki" shi ne ĝ, kamar a "ĝardeno", lambu. Shi kuwa g marar hula kullum na "gida" ne, ko da e ko i suka biyo bayansa. Harafin ŝ shi ne sh, babu wani ƙari.

Saura uku. Harafin ĵ shi ne j ɗin Faransanci, wanda harshe ba ya taɓa ganɗa gaba ɗaya. Kamar ka furta sh ne ka sa masa murya. Wanda ya yi karatun allo ya riga ya mallaki ĥ, domin shi ne خ na Larabci. Wannan harafi ma yana ja da baya a amfani: an fi jin "kemio" yanzu a kan "ĥemio". Inda abin ya gagara shi ne "ĥoro", rukunin mawaƙa, domin "koro" zuciya ce, "horo" kuma awa, sai aka samo wata kalma, "koruso". Na ƙarshe, ŭ, rabin wasali ne da ke bin a ko e. "Aŭ" daidai yake da au na "kyau", kamar yadda "aj" yake daidai da ai na "kai". Wanda babu irinsa a bakinmu shi ne "oj", kuma dole ka saba da shi, don da shi ake jam'i: "domo" gida, "domoj" gidaje.

A ganina inda za ka fi shan fama shi ne p, f, v da b. Hausa ba ta raba p da f, kuma ba ta da v. Esperanto kuwa huɗun duka daban suke: "fero" ƙarfe ne, "vero" gaskiya, "pano" burodi, "bano" wanka. Ga dabara. A wajen p leɓuna biyu suna rufewa ruf sannan su buɗe. Ka sa tafin hannu a gaban baki, ya kamata ka ji iska ta fito sau ɗaya. A wajen f haƙoran sama ne ke hawa leɓen ƙasa, iska na ta zurara. Idan ka riƙe bakin a haka ka ƙara murya har maƙoshi ya yi rawa, ka sami v.

Sai cunkoson baƙaƙe. Mun saba cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu a farkon kalma, amma "knabo", yaro, gaɓa biyu ce, ba uku ba. Kalmar "scii", wato sani, ta fi kowace ba sababbin ɗalibai dariya: s, sannan ts, sannan i har sau biyu, kowanne gaɓarsa daban. Inda kake da riba shi ne baƙi mai ruɓi. Kunnen da ya raba "kulle" da "kule" ba zai rikita "fino", ƙarshe, da "finno", mutumin Finland, ba.

Babu karin sautin sama da ƙasa mai raba ma'ana irin na Hausa. Abin da ake da shi shi ne danna murya a kan gaɓa ɗaya, kuma kullum gaɓa ta biyu ce daga ƙarshe. Kowane wasali gaɓa ce, shi ya sa ake cewa fa-mi-LI-o da ra-DI-o, ko da yake kunne yana so ya ja su wani wajen.

In faɗi gaskiya, ƙa'idar harafi ɗaya sauti ɗaya ba ta cika ɗari bisa ɗari a bakin mutane ba. Da yawa suna furta "ekzemplo" kamar da g aka rubuta ta, kuma n kafin k yakan koma can baya, kamar a "banki". Ba a ɗauke shi laifi ba.

Game da tambayarka ta biyu, ba kai ka fara ƙorafin ba. Maɗaba'u da yawa na wancan zamani ba su da haruffan, irin dai wahalar da ɓ, ɗ da ƙ suka daɗe suna sha a keken rubutu da waya. Zamenhof da kansa ya yarda a rubuta ch, gh, hh, jh, sh da u idan babu hali. Sai dai hakan na kawo ruɗani a kalma irin "flughaveno", filin jirgin sama, inda g da h kowanne zaman kansa yake. Da intanet ya zo sai mutane suka koma cx, gx, sx, tunda x ba ya cikin haruffan. Wasu kuwa hular ce gaba ɗaya suka ƙi. Harshen Ido, wanda ya ɓalle daga Esperanto a 1907, ya koma haruffa 26 da ch da sh. Wani ƙirƙirarren harshen, Interlingua na 1951, ya riƙe kamannin Latin sosai, har da ph, don Bature ya gane kalma da kallo ɗaya, amma sai ɗalibi ya haddace inda ake danna murya a kalmomi da dama.

A yau Gboard, manhajar allon rubutu ta Google a waya, yana da allon Esperanto, sai ka ƙara shi a cikin harsunan wayarka. Idan ka sa, gwada rubuta "eĥoŝanĝo ĉiuĵaŭde". Ma'anarta ba ta taka kara ta karya ba, wai sauyin amsa-kuwwa kowace Alhamis, amma haruffan nan shida duk suna ciki, kuma da ita masu harshen ke gwada ko na'ura na nuna su daidai. Ka karanta ta da ƙarfi, murya a kan "ŝan" da kuma "ĵaŭ".