Shefflin ya buga wasan ƙarshe da tsinkakkiyar jijiya, me zai hana ɗana?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Muna zaune a Ailan, ɗana mai shekara 17 yana buga hurling, wasan gargajiyar Ailan da ake yi da sanda da ƙaramar ƙwallo, a kulob ɗin unguwarmu. Makon jiya gwiwarsa ta gurɗe, hoto ya nuna jijiyar ACL, wadda ke riƙe gwiwa daga ciki, ta tsinke. Saura wata guda wasan ƙarshe, kuma masu zaɓen 'yan wasan gunduma za su zo kallo. Ko abinci ba ya ci, sai cewa yake ai Henry Shefflin, shahararren ɗan wasan hurling na gundumar Kilkenny, ya buga a haka. Wani ɗan'uwa kuma ya ce a kawo shi gida wurin mai ɗori. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Kada ya buga wannan wasan.

Labarin nan na Shefflin ya ishe ni, kusan kullum sai an kawo mini shi, kuma rabinsa ake kawowa. Ranar 8 ga Agusta 2010 jijiyarsa ta tsinke a wasan kusa da na ƙarshe tsakanin Kilkenny da Cork. A lokacin Kilkenny na neman kofin All-Ireland, wato kofin gundumomin Ailan baki ɗaya, karo na biyar a jere, abin da babu gundumar da ta taɓa yi a hurling. Aka kai shi Limerick wurin Ger Hartmann, ƙwararren mai gashin ƙashi, aka yi ta ƙarfafa naman cinyarsa don ya riƙe gwiwar. Da ya dawo atisaye a Nowlan Park, filin wasan Kilkenny, dubban mutane suka cika filin don su gani da idonsu. A nan yara suke tsayar da labarin.

To ga ragowar. Ranar 5 ga Satumba ya shiga filin Croke Park a Dublin don wasan ƙarshe da gundumar Tipperary, ko minti 15 bai cika ba gwiwar ta ƙi, ya fice yana ɗingishi. Tipperary ta ci kofin, ɗan wasanta Lar Corbett shi kaɗai ya zura uku a raga. Tiyatar da aka jinkirta dai ita aka koma aka yi. Wannan fa ƙato ne mai shekara 31, da likitocin gunduma guda a kansa, wanda ya riga ya san ciwon tun wasan ƙarshe na 2007 da Limerick. Duk da haka abin bai yiwu ba, balle yaron da ko gashin baki bai gama fito masa ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne kumburi yana sacewa, zafi ya tafi, yaro ya yi gudu a miƙe lafiya lau, sai a ce ya warke. Ai ba gudu a miƙe ne aikin wannan jijiya ba. Juyi ne da birki da dirowa bayan an yi tsalle an cafe ƙwallo, kuma hurling ɗin ke nan gaba ɗaya. Duk sanda gwiwar ta sake zamewa tana iya yaga guringuntsin ciki, shi kuma gyaransa ya fi wuya. Mai ɗori kuwa, da me zai ɗora? Ba ƙashi ne ya karye ba. Ja da murɗa da ɗauri da kara sai dai su bar gwiwar a sandare.

Ki tuna masa abin da ya biyo baya. Shefflin ya yi jinyarsa, ya ci kofin All-Ireland a 2011 da 2012 da 2014, ya cika kofi goma. Da kulob ɗin ƙauyensu, Ballyhale Shamrocks, ya ci na kulob-kulob a 2007 da 2010 da 2015, shekarar da ya yi ritaya daga Kilkenny. Duk wannan ba albashi, a lokacin a banki yake aikinsa, don 'yan wasan GAA, ƙungiyar da ke kula da hurling, ba a biyansu. Gwiwar da ɗanki zai nemi abinci da ita ce ake so a sayar kan wasa ɗaya.

Ku ga likitan ƙashi, shi zai yanke ko za a yi tiyata. In an yi, a ƙaddara wata tara ko fiye kafin ya koma fili. Ki kuma matsa wa sakataren kulob ya shigar da rahoton raunin a asusun tallafin rauni na GAA tun yanzu, don yana da wa'adi, kuma takarda kan kwana a aljihun wani har lokacin ya wuce.