Amsa: kiwon feret a Legas

Malam, ka ce ka ga feret a TikTok kana so ka ajiye ɗaya a ɗakinka na Agege, wai ko irin tunku ne. A'a, ba tunku ba ne, dangin bodari ne, kuma ka dai san warin bodari, to shi ma yana da nasa tsamin jikin da ko ka yi masa wanka ba ya fita.

Asalinsa wata dabbar dajin Turai ce da aka horar don fito da zomo daga rami. Akwai kuma wani irin feret daban na daji mai baƙar ƙafa a Amurka, har an ɗauka ya ƙare sai aka sake ganinsa a 1981.

Ni dai zafi ne ya fi damuna wallahi, ba ya gumi sosai, idan zafi ya haura digiri 30 yana iya mutuwa, ga Legas ga ɗauke wuta, sai dai ka kwana kana zuba wa janareto mai saboda esi. Nama zalla yake ci, kar ka ba shi tuwo. Barci kuwa har awa 18 a rana, in ya tashi kuma ya kwashe maka safa ya ɓoye.