Amsa kan asarar da bairos ɗin kwamfuta ke jawowa

Salam ɗan uwa. Ka tambaya wai da gaske ne bairos na jawo asarar biliyoyin daloli a duniya, ko dai masu sayar da antibairos ne ke zuzuta abin don kasuwarsu ta tafi. To zuzutawa akwai kam, amma asarar gaskiya ce, sai dai ba inda mutane suke zato take ba.

Ni na daɗe ina harkar gyaran kwamfuta da buga takardu. Akwai shekarar da yaron shagona ya sauke wata manhaja ta bulus, washegari muka buɗe muka tarar duk fayil ya kulle, an bar mana saƙo wai mu biya da Bitcoin, wato kuɗin intanet, kafin a buɗe mana. Ko sisi ban biya ba, amma kwana huɗu shago a rufe, ga furojet ɗin ɗalibai da muka riga muka buga ya tafi, dole na sake zama na buga musu kyauta, wasu kwastomomin ma har yau ba su dawo ba. Ɓarawon bai samu komai ba, ni kuwa na ji jiki.

Haka abin yake har a manyan wurare. Wani bairos mai kulle fayil da ake kira WannaCry, na watan Mayun 2017, ya kama kwamfuta sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, dala 300 masu shi suke nema a kan kowace, abin da suka tara gaba ɗaya bai kai dala 200,000 ba, amma a Ingila kaɗai sai da asibitocin gwamnati suka soke ganin marasa lafiya kusan 19,000, aka ƙiyasta asarar fam miliyan 92. Abin haushin ma Microsoft ta fitar da maganin tun watan Maris, mutane ne ba su yi afdet ba.

Bayan wata guda wani bairos ɗin mai suna NotPetya ya ɓulla daga Yukiren ta cikin wata manhajar biyan haraji, shi wannan ko ka biya ba ya buɗe maka komai, ɓarna kawai. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk sai da ya sake ɗora wa kwamfuta 45,000 manhaja cikin kwana goma, kwantenoni jibge a tashoshi ba a san ina za su ba. Jimillar asarar da NotPetya ya jawo a duniya an ƙiyasta ta kai dala biliyan 10.

Ni dai tun daga lokacin da abin ya faru a shagona, duk Juma'a sai na kwashe aikin shago a wani hadis (hard disk, ma'ajiyar fayil ta kwamfuta) daban, na zare shi na kai gida.