Ranar Asabar ka hau jirgin Edale

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Saƙonka ya iso ni tun ranar Talata, aiki ne ya hana ni amsawa da wuri. Na yi murna ƙwarai da jin biza ta fito. Allah ya sanya albarka, ya sa a fara a sa'a a gama lafiya. Ka yi wa Baba da Hajiya barka a madadina.

Maganar masauki da kuɗin cefane za mu yi ta ta waya, don sai da lissafi. Tambayarka ta uku ce ta sa na zauna na rubuto maka. Ka ce wani da ya yi karatu a nan ya gaya maka ba sanyi ne ke karya mutum a Ingila ba, kaɗaici ne, kuma tunda kai ba mai shiga mashaya ba ne balle gidan rawa, me za ka riƙa yi da Asabar da Lahadi a Sheffield?

Gaskiya ya gaya maka. Hunturuna na farko a Manchester, akwai makon da tun da muka idar da sallar Juma'a na gaisa da mutane a ƙofar masallaci, ban sake buɗe baki da kowa ba sai safiyar Litinin, in ka cire sannu da na yi wa mai kanti. A watan Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi. Kana ɗaki, waya a hannu, kana kallon hotunan bikin da ake yi a gida ba kai. Abin yana cin mutum a hankali, ba ya ma sanin yana cinsa. Abin da ya fitar da ni daga ɗakin nan ƙungiyar masu tafiyar ƙafa ce, kuma ita nake so ka nema tun makonka na farko, kafin zaman ɗaki ya zame maka jiki.

Na san yadda wannan zai faɗa a kunnenka. A wajenmu wanda ba shi da kuɗin mota ne ke takawa. A ce mutum da lafiyarsa ya biya kuɗin jirgi ya tafi daji ya wuni yana tafiya, ba ziyara ba, ba fatauci ba, ba kiwo ba, sai a tambaya ko lafiya. Ni ma haka na ɗauka da wani abokin karatuna ya fara gayyatata, har sau biyu ina ba shi uzuri. Na uku na bi shi, kuma shekara shida ke nan ban daina ba.

Tsarin ba shi da wuya. Ƙungiya za ta sanar a shafinta cewa ranar kaza za a yi tafiya, ga tashar da za a haɗu, ga jirgin da za a shiga, ga nisan hanya da ko mai sauƙi ce ko mai hawa. Ka sayi tikitinka, ka ɗauki guzurinka, ka je. Akwai jagora a gaba wanda ya riga ya bi hanyar ya san ta, akwai kuma mutum ɗaya da ke tsayawa can baya don kada a bar kowa. Duk 'yan sa-kai ne, ba wanda ake biya. Babbar ƙungiyar ita ce Ramblers, wadda aka kafa a 1935, tana da rassa a duk faɗin Birtaniya, kuma sukan bar baƙo ya gwada 'yan tafiye-tafiye kafin ya yi rajista. A Sheffield akwai reshen matasa 'yan shekara ashirin da talatin. Ƙungiyar ɗalibai ta jami'arku ma tana da nata kulob, za ka ga teburinsu a makon karɓar sababbin ɗalibai.

Ka yi sa'ar gari. Daga tashar Sheffield akwai ƙaramin jirgi da ke bi ta kwarin Hope ya nufi Manchester, yana tsayawa ƙauye-ƙauye: Grindleford, Hathersage, Bamford, Hope, Edale. Da kun bar gefen gari jirgin zai shige ramin Totley, wanda aka haƙa ƙarƙashin tsauni, tsawonsa ya kai mil uku da rabi. Taga ta yi baƙi ƙirin na 'yan mintuna, ba ka ganin komai sai fuskarka a gilashi. Yana fitowa ka ga kanka a wata duniya: tuddai kore shar, tumaki warwatse, katangun dutse da aka jera ba siminti suna hawa suna sauka har inda ido ya ƙare. Wajen rabin awa daga tsakiyar gari ka isa Edale. Wannan yankin shi ne Peak District, wurin da Birtaniya ta fara keɓewa a matsayin gandun ƙasa a 1951.

Kafin komai ka yi katin rangwamen jirgi, wanda suke kira 16-25 Railcard. Yana cire maka kashi ɗaya cikin uku na kuɗin tikiti, kuma ɗalibi mai karatu na cikakken lokaci yana iya samu ko ya haura 25. Tikitin zuwa da dawowa a rana ɗaya za ka riƙa saya. Ranar Lahadi ka duba da kyau, don sau da yawa ranar suke gyaran layin dogo, sai a sa bas a madadin jirgi.

Hanyar da nake so ka fara da ita, daga Edale ake hawa zuwa Mam Tor, tudu mai tsayin mita 517, sannan a bi gadon bayan tsaunin a wuce Hollins Cross da Back Tor har Lose Hill, a gangara tashar Hope a shiga jirgi. Awa huɗu zuwa biyar ne har da hutun cin abinci. Kana tafe a sama, kwarin Edale a hagunka, ƙauyen Castleton a damanka, can gaba hayaƙin masana'antar siminti ta Hope. In iska ta yi daidai za ka ga masu shawagi da lema suna faɗowa daga gefen tudun kamar shaho.

Abin da ya fi ɗaure mini kai ranar farko shi ne inda hanyar ke bi. Muka zo bakin wata gona mai katanga, tumaki a ciki, gidan manomi ga shi nan kusa har ana ganin wanki a igiya. Jagorarmu, wata dattijuwa da ta yi ritaya daga koyarwa, ta taka wata 'yar matakalar katako da aka kafa a jikin katangar ta tsallaka. Na ja na tsaya. Na ce mata ba a nemi izinin mai gona ba. Ta nuna mini wata 'yar kibiya ruwan ɗorawa da aka manna a jikin gungume, ta ce hanyar ta jama'a ce, gonar tasa ce amma ba shi da ikon tare ta. Nan take burtali ya faɗo mini a rai. Abu ɗaya ne, hanya ce da aka gada tun kaka da kakanni tana ratsa gonaki. Bambancin kawai, su sun zana nasu a taswira sun ɗaure shi da doka, yadda in manomi ya toshe ana iya kai ƙararsa ƙaramar hukuma ta sa a buɗe. Irin waɗannan hanyoyi a Ingila da Wales sun kai kimanin mil 140,000. Kibiya ruwan ɗorawa ta masu ƙafa ce, shuɗiya kuma har da masu doki da keke. Na daɗe ina tunanin burtalolinmu da gonaki suka cinye, da jinin da aka zubar a kansu.

Kada ka ɗauka kyauta aka ba su. Daga kan Mam Tor in ka juya arewa za ka ga wani faffaɗan tsauni baƙi-baƙi, Kinder Scout, mita 636, mafi tsayi a yankin. A da masu ƙasa sun hana talaka hawansa, sun ajiye shi don harbin wani tsuntsu mai kama da fakara, da masu gadi riƙe da sanduna. Ranar 24 ga Afrilu 1932 matasa ɗaruruwa, yawancinsu ma'aikatan masana'antun Manchester, suka hau da gangan ƙarƙashin jagorancin Benny Rothman, suka haɗu da wasu da suka taso daga Sheffield. An yi artabu da masu gadi, aka ɗaure mutum biyar na 'yan watanni. Ɗaurin nan ya ƙara wa maganar ƙarfi. A 1949 aka yi dokar gandun ƙasa, sai a shekarar 2000 aka yi dokar da ta ba kowa damar yawo a irin waɗannan tsaunuka ko ba kan hanya ba. Shi kansa ƙololuwar Lose Hill da za ka tsaya a kai, masu tafiyar ƙafa ne suka haɗa kuɗi suka saya a 1945 suka ba G.H.B. Ward, wanda ya kafa ƙungiyar Clarion Ramblers ta Sheffield a 1900, shi kuma ya miƙa wa National Trust, ƙungiyar da ke kula da filaye da wuraren tarihi, don ya zama na kowa. Leburori ne da maƙeran ƙarfe da ke shaƙar hayaƙi kwana shida, suna neman iska a rana ta bakwai. Tun da na san wannan na daina jin kamar ina kutse cikin shagalin masu kuɗi.

Amma ba don tarihi nake tura ka ba, don mutane ne. Baturen da zai zauna kusa da kai a bas shekara guda bai ce maka uffan ba, shi ne a kan hanya zai ba ka labarin rasuwar matarsa da ciwon gwiwarsa da garin da aka haife shi. Ina ga saboda ba fuska da fuska ake ba ne, kafaɗa da kafaɗa ake tafiya, in magana ta ƙare a yi shiru ba wanda ya takura, a bakin katanga ta gaba kuma abokin hira ya canja. A nan kunnena ya saba da Turancin mutanen arewacin Ingila, wanda ba irin na aji ba ne. A nan kuma na haɗu da mutumin da ya karanta mini takardar neman aikina ya gyara. Ita kuwa dattijuwar nan, ranar farko na zo da takalmin kambas da wandon jins, ruwa ya tare mu a sama, na jiƙe sharkaf, yatsuna suka ƙage har na kasa buɗe jakata. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ciro safar hannu ta ajiya daga aljihunta ta sa mini da kanta, ta zuba shayi a murfin fulas ta riƙe mini har na sha. Har yau safar tana wurina, ta ƙi karɓa.

Saboda haka kada ka zo yadda na zo. Takalmi sau-ciki mai kauri wanda ruwa ba ya shiga, da rigar ruwa ta gaske, su ne jarin. Shagunan kayan gwanjo na ƙungiyoyin agaji suna nan a kowace unguwa, a can na sayi nawa na farko. Riguna marasa nauyi biyu ko uku a jere sun fi ƙatuwar riga ɗaya, ka cire in ka yi zufa ka mayar in kun tsaya. Ka guji auduga, in ta jiƙe ba ta bushewa da wuri. Ruwan sha, dabino, burodi da ƙwai ko abin da ya sawwaƙa, da 'yar tocila in hunturu ne. Ƙofar gona ka bar ta yadda ka same ta. Saniya mai ɗan maraƙi ka ba ta hanya, musamman in akwai kare a cikinku. Akwai wani ganye a bakin hanya mai ƙaiƙayi kamar ƙarara, za su nuna maka. In ka dawo gida lokacin zafi ka duba ƙafafunka ko kaska ta maƙale, don wasu suna ɗauke da cuta. Kinder kuwa kada ka hau shi kai kaɗai sai ka ƙware da taswira. Samansa taɓo ne baƙi da kwazazzabai masu kama da juna, hazo yana rufe shi cikin minti kaɗan. In wani abu ya faru a kira 999, a nemi 'yan sanda, a ce masu ceto na tsauni ake so.

Sallah ba ta taɓa zame mini matsala ba. Nakan fito da alwalata, in gaya wa jagora tun a tasha cewa lokacin cin abinci zan keɓe minti biyar. In shimfiɗa rigar ruwa a bayan katanga inda iska ba ta bugawa. Da hunturu Azahar da La'asar suna kusa da juna, duka a hanya za su same ka, ka yi shirinsu. Sujada a kan ciyawa mai sanyi, kwari shimfiɗe a gabanka, ba ka jin komai sai iska da kukan tumaki, wannan sai ka yi da kanka. A ƙarshen tafiya sukan shiga mashayar ƙauye ko shagon shayi su jira jirgi. Ni nakan bi masu shayi, ko in wuce tasha kai tsaye, kuma ba wanda ya taɓa tambayata dalili.

Ba zan ɓoye maka ba, sau da yawa kai kaɗai ne baƙar fata a cikin tawagar, wani lokaci a ƙauyen gaba ɗaya. Za a kalle ka. Yawanci kallon baƙunta ne, da ka yi gaisuwa a amsa da fara'a, don a kan hanya kowa na gaida kowa. Sau ɗaya wani ya jefe ni da magana marar daɗi daga cikin mota, kafin in buɗe baki abokan tafiyata biyu sun tsaya a gefena. A ranar Kirsimetin 2021 ƙungiyar Muslim Hikers, wadda Haroon Mota ya kafa, ta kai mutane sama da ɗari kan Mam Tor ɗin nan, da suka sa hotuna a intanet wasu suka yi ta zaginsu. Ba su fasa ba, sai ma ƙaruwa da suka yi. In ka fi son ka fara cikin 'yan'uwa Musulmi ka neme su, sai dai guraben tafiyarsu kan cika da wuri. Ni dai shawarata ka haɗa biyun, don ba ka ƙetare teku don ka san mutanen da ka riga ka sani kaɗai ba.

Ka ce tsakiyar Satumba za ka sauka. Ka huta, ka yi rajista, ka nemi takalmi. Asabar ta farko a Oktoba, in Allah ya kai mu, ka shiga jirgin safe daga Sheffield, ni kuma in shigo daga Manchester ta ɗaya bakin layin, mu haɗu a tashar Edale. Zan zo da fulas biyu da safar hannu ta ajiya. In jakarka da sauran wuri, ka ce wa Hajiya ta ƙulla mini yajin nan nata.

Yayanka.